Wa Muke Burgewa? Magana Kan Anko, Bashi Da Ledar Da Ta Toshe Mana Kwata



Duk majalisar da mutum ya zauna a 'yan shekarun nan, daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Mile 12 zuwa Alaba Rago, kuka ɗaya zai ji: kuɗi sun daina auki. Magidanci ya fita tun asuba ya dawo bayan isha'i, in ya zazzage aljihu sai ya tarar abin da ya samo da ƙyar zai kai cefanen gobe. Kukan gaskiya ne, kuma kowa ya san mafarinsa. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira a kasuwa, dalar da take naira 460 da ɗoriya a farashin gwamnati ta zarce 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, a daidai lokacin da buhun shinkafa mai kilo 50 ya kai wannan kuɗi ko ya wuce. Ga kuma hana acaɓa da aka yi a wasu ƙananan hukumomin Legas tun Yunin 2022, wanda ya raba samarinmu da yawa da hanyar abincinsu.

Waɗannan duka ba mu muka jawo su ba, gyaransu kuma yana hannun masu mulki. Amma akwai wata kafa da kuɗinmu ke zurarewa wadda ba gwamnati ce ta huda ta ba. Hausawa sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Kiɗan ya canza tun tuni, mu kuwa muna nan muna taka rawar lokacin da dala take naira 150.

Abin da nake so mu tattauna shi ne wannan: kaso mai tsoka na abin da muke kashewa ba ciki ne ke cinye shi ba, tsoron bakin mutane ne. "Me za a ce?" ita ce harajin da ya fi kowane haraji tsada a unguwanninmu. Kuma tun da mu ne mutanen da ake jin tsoron bakinsu, mu ne kaɗai za mu iya sauke wa junanmu wannan kaya.

Mu fara da biki, domin a nan abin ya fi fitowa fili. Mu da muke zaune a Kudu mun haɗa nauyi biyu. Mun taho da namu na gida, lefe da kayan ɗaki da gara da kamu, ba mu rage ko ɗaya ba. Muka zo muka tarar da maƙwabtanmu Yarabawa da irin nasu shagalin, da ɗinkin bai ɗaya da suke kira aso ebi, da kama babban ɗakin taro, da rabon kaya ga mahalarta, muka ɗora a kan namu. Su al'adarsu ce, sun san yadda suke tafiyar da ita. Mu kuwa sai aka wayi gari auren da ake gamawa da ɗaurin aure da kai amarya ya koma taro huɗu ko biyar, kowanne da ankonsa, da mai kwalliyarsa, da mai ɗaukar hotonsa.

A yi lissafi mai sauƙi. A ce mace tana da biki goma a shekara da ba za ta iya ƙin zuwa ba, na dangi da na ƙawaye da na maƙwabta. A ce kowane anko da ɗinkinsa ya tsaya a naira 20,000, kuma mata sun san na rage ne. Naira 200,000 ke nan a shekara, kusan albashin wata uku na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙaranci. Ba a sa kuɗin mota ba, ba a sa gudummawa ba, ba a sa liƙi ba. Yawancin kayan nan sau ɗaya ake sa su, domin kowa ya san ankon wance ne, sai su shige ƙasan akwati. A gidan da ake wannan, sau da yawa za ka tarar an koro yaro daga makaranta saboda ragowar kuɗin zango.

Lefe kuwa ya tashi daga suturar da miji zai yi wa matarsa ya koma baje koli. Ana jera akwatuna, ana ƙirga turame da babbar murya, wata tana ɗauka da waya, kafin magariba ya karaɗe WhatsApp da TikTok. Uwar wata yarinyar da aka sa wa rana tana gani, daga ranar ta san abin da za ta nema a wajen nata surukin. Iyayen amarya su ma ba su tsira ba. Uba ya sayar da gonar gado a gida, ko ya karya jarin shagonsa, don ya cika ɗaki da kujeru da jeren kwanukan da ba za a taɓa cin abinci a cikinsu ba, a gidan haya mai ciki da falo wanda ko wurin shimfiɗa sallaya bai rage ba. Bayan shekara ɗaya mai gida ya ƙara kuɗin haya, a tashi, rabin kayan su karye a hanya.

Sakamakon muna ganinsa da idonmu. Samari sun kai shekara talatin da biyar ba su yi aure ba, 'yan mata suna zaune a gaban iyayensu, kowa yana jiran ranar da zai iya "fita kunya". A Kano sai da abin ya kai gwamnati ce ke sayen gado da katifa tana biyan sadaki. A watan Oktoban 2023 an ɗaura auren gata na ma'aurata 1,800 a jihar. Mu a nan ba mu da gwamnatin da za ta yi mana haka. In ba mu sauƙaƙa da kanmu ba, babu mai sauƙaƙa mana.

Kada maza su karanta wannan su gyaɗa kai su ce ai matsalar mata ce. Namu ya fi nasu ɓoyuwa ne kawai. Wa ke sayen wayar naira dubu ɗari huɗu da bashin da ake biya duk wata, alhali wadda ke hannunsa allonta kawai ya tsage? Wa ke ɗinka shadda kala uku don Sallah guda? Wa ke tsayawa a tsakiyar fili yana watsa sababbin kuɗi a goshin ango, washegari ya je neman rancen kuɗin mota? Liƙin ma, ga wanda bai sani ba, laifi ne a dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 an ga yadda aka gurfanar da mutane a kansa a nan Legas.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ɗan ci-ranin da ke kwana a shago ko a barandar masallaci wata goma sha ɗaya, yana tura baro ko yana dako a Mile 12, yana cin garin kwaki don ya tara. Sallah na matsowa sai ya kwashe tarin ya sayi babbar waya da agogo da takalmi, ya sauka a garinsu kamar wanda ya dawo daga Dubai. Sati biyu kuɗin sun ƙare, wani lokaci sai an sayar da wayar kafin a samu na motar dawowa. Asarar ba ta tsaya a kansa ba. Ƙannensa da ke gida sun ga waya da shadda, ba su ga baranda da sauro ba. Kallon kitse suke wa rogo. Damina na wucewa za ka gan su a bayan tirelar shanu sun nufo Legas, sun bar makaranta, sun bar gona. Ƙaryar arzikin mutum ɗaya ta jawo yara biyar cikin wahalar da shi kansa yake neman hanyar fita daga cikinta.

Duk wannan da me ake biya? Da bashi. Adashin da iyayenmu mata suka ƙirƙiro don a samu jarin ƙuli-ƙuli ko a sayi akuya, yau kwasarsa ake jira don a biya ankon da aka riga aka sa. Ga kuma manhajojin ba da rance a waya, waɗanda ke ba ka kuɗi cikin minti biyar da ruwa mai nauyi, in ka makara kwana biyu su aika wa duk wanda ke cikin wayarka saƙon cewa kai ɓarawo ne, har da surukinka da limamin unguwarku. Tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, take bin sawun irin waɗannan kamfanoni, amma ba su ƙare ba. Mutum ya ci bashi don ya kauce wa kunyar yini ɗaya, ya faɗa cikin tonon asirin da zai bi shi shekara.

Akwai kuma bashi na biyu da muke ci wanda ba ya zuwa da saƙon waya. Duk wanda ya taɓa komawa wurin biki da safe ya san shi. Tsibin robobin tekawe, cokulan roba, ledar fiya wata, gorunan lemo, da shinkafar da aka ɗiba aka ci rabi aka bari. Ana sharewa a tura cikin kwata, ko a tara a bayan layi a cinna wuta yara su shaƙi hayaƙin. Legas gari ne da ke kwance a bakin ruwa, ƙasarsa ba ta da tudu sosai, ruwan sama ba shi da mafita sai magudana. In ta toshe, ɗakunanmu yake shiga. Kuma ba gidajen bene na masu hali yake fara shiga ba, unguwanni irin namu yake fara ci, inda ɗaki yake daidai da titi, katifa tana ƙasa, buhun masara yana bayan ƙofa. Bayan ruwa sai sauro, bayan sauro sai asibiti. Ba mu manta da ɓarkewar kwalara da aka yi a Legas a Yunin 2024 ba.

Nan ma a yi lissafi. Jakar fiya wata ɗaya ƙulli 20 ce. Gidan da ke shan jaka biyu a rana yana zubar da leda 40 kullum, 14,600 ke nan a shekara, gida ɗaya tak. A ƙirga gidajen da ke layi guda. Leda ba ta ruɓewa kamar ɓawon ayaba. Duk wanda ya bi ta Ojota ya ga tsaunin sharar Olusosun ya san inda wadda aka kwashe take ƙarewa. Wadda ba a kwashe ba kuwa, ku tambayi mahautanmu na Oko-Oba abin da suke ciro wa daga tumbin shanu da tumaki. Dabbar ta ci leda a bola, ta cushe mata ciki, ta rame, mai ita ya yi asara, mu kuma mu sayi naman da tsada.

Gwamnatin Legas ta hana amfani da farar robar tekawe mai kama da soso a Janairun 2024, daga 1 ga Yulin 2025 kuma ta fara aiwatar da hani kan wasu kayan roba da ake amfani da su sau ɗaya a yar, irin su cokula da kofuna da siraran ledoji. Ba Legas ta fara ba. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017. Ko mun so ko mun ƙi, can duniya ta nufa. Masu sayar da abincinmu da masu shayi da masu tsire gara su fara neman mafita da kansu tun kafin jami'ai su zo su kulle musu wuri.

Abin mamaki shi ne, a duk faɗin garin nan babu al'ummar da ta fi mu sanin darajar abin da aka yar. Wa ke tura kura yana bin layi yana sayen tsohon ƙarfe da gorar ruwa da dalma? Yaranmu ne, baban bola. Wa ke ɗinke takalmin da ya tsinke ya mayar da shi sabo a kan 'yan canji? Wa ke yawo da keken ɗinki a kafaɗa yana kaɗa almakashi? Mutanen gari suna raina waɗannan sana'o'i, amma da za su tafi yajin aiki na wata ɗaya da Legas ta san amfaninsu. Muna ci daga gyara da tsince-tsince, sannan in kuɗin ya shigo hannu mu ruga mu sayi abin da za mu yar gobe.

Kuma ba yau muka iya ba. A gidajen da muka taso, tsohuwar tayar mota takalmi take zama ko gugar rijiya. Gwangwanin madara ya zama fitila ko ma'aunin gishiri. Zanen uwa in ya tsufa ya koma goyon jariri, daga nan ya koma tsumma, daga nan ya shige cikin matashin kai. Tuwon da ya kwana ɗumame ne da safe. Toka da kashin awaki suna tafiya gona. Ana zuwa kasuwa da kwando, ana kai abinci a langa ko akushi a dawo da shi a wanke. Randa tana sanyaya ruwa ba tare da an biya kuɗin wuta ba. Wani malami ɗan Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya ɗauki wannan ilimi na tukunyar ƙasa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan da ke tsotsewa ta jikin tukunyar waje yana tafiya da zafi, kayan miya su yi kwanaki ba su lalace ba. A kan wannan aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Duniya ta karrama abin da muke jin kunyar a gani a ɗakinmu.

Ba cewa nake a koma zamanin aci-balbal ba, ko mai firji ya sayar ya sayi randa. Roba ma ba duka ce abin ƙi ba. 'Yan gwarinmu sun san tumatirin da aka ɗoro daga Kano ko Katsina a kwandon gargajiya, aka jibga wani kan wani, yadda na ƙasa ke isowa a dame, alhali wanda aka zuba a akwatin roba mai ƙarfi yana isowa lafiya, akwatin kuma ya yi shekaru ana jigila da shi. Ma'aunin shi ne daɗewa da amfani. Abin da za ka saya sau ɗaya ya yi maka shekara goma ya fi araha a kan mai arahar da za ka saya sau goma.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma wasu hujjojinsu suna da ƙarfi.

Wani zai ce wannan koyar da rowa ne, alhali an san Bahaushe da kyauta da karamci. Marowaci shi ne wanda yake da shi ya hana mai buƙata. Wanda ya fasa dina ya biya wa ɗan ƙaninsa kuɗin jarrabawa ba marowaci ba ne. A gaskiya ma facakar ce ke kashe karamcin, domin wanda ya ƙarar da abin hannunsa a biki, in maƙwabcinsa ya buga masa ƙofa da dare matarsa na naƙuda, ba shi da abin ba shi sai haƙuri. Addininmu da ya yi umarni da ciyarwa shi ne kuma ya hana almubazzaranci, bai ga saɓani tsakanin biyun ba.

Wani zai ce talaka me yake da shi da zai rage? A je a faɗa wa masu jerin gwanon motoci. Wannan gaskiya ne, kuma wanda ke neman na tuwon dare ba shi nake wa wa'azi ba. Amma a lura, talaka shi ya fi kowa sayen kaya da tsada. Mai hali yana sayen buhu da galan da katan. Talaka yana sayen gwangwani da ƙulli da 'yar leda, man gyaɗa na ɗari biyu, omo na ɗari, madara ƙulli ɗaya. In aka tara abin da ya biya a wata, ya fi mai buhu biya a kan kowane mudu, kuma shi ne ya fi tara leda. Maganin wannan ba ya hannun mutum ɗaya, yana hannun jama'a in sun haɗa kai. Sannan gasar biki talaka ta fi kashewa, domin mai kuɗi daga rararsa yake yi, shi kuwa daga jininsa.

'Yan kasuwarmu, masu atamfa da teloli da masu girkin biki, za su ce in aka daina saye mu ci me? Tambaya ce mai kyau. Amma su buɗe littafin bashinsu su duba. Nawa ne kuɗin ankon da aka ɗauka bara har yau ba a biya ba? Tela nawa ne ya kwana uku bai runtsa ba kafin Sallah, aka karɓi ɗinki aka ce sai an dawo? Cinikin da rabinsa bashi ne ba ciniki ba ne. Kuɗin da ba a kashe a anko ba kuma ba ɓacewa za su yi ba, a cikinmu za su zagaya: wajen mai hatsi, mai ɗinkin kayan makaranta, mai gyaran waya, malamin Islamiyya da ke bin iyaye kuɗin wata uku.

Wata uwa kuma za ta ce, 'yata sau ɗaya za ta yi auren fari, a bar ni in yi farin ciki. Allah Ya sanya alheri, Hajiya, babu mai hana ki. A yi taro, a ci a sha, a yi guɗa. Abin da muke roƙo shi ne kada farin cikin yini ɗaya ya zama abin da amarya da ango za su shekara biyu suna biya, har ya zama sanadin faɗan farko a ɗakinsu.

To mene ne abin yi? Kowa ya san in mutum ɗaya ya ce shi ba zai yi anko a bikin 'yarsa ba, za a ce ya gaza. In unguwa gaba ɗaya ta ce ba a yi, babu wanda ya gaza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa nake ganin wannan aiki ne na ƙungiya, da sarakunan Hausawa na unguwanni, da limamai, da shugabannin mata. Ga shawarwarin da nake so mu kai gaban babban taro, a tattauna, a gyara, a ɗauki abin da za a iya.

Na farko, anko ya daina zama dole. In iyalan gida suna so su yi a tsakaninsu, su yi. Sauran jama'a a faɗa musu launi kawai, kowa ya buɗe akwatinsa ya sa abin da yake da shi. Kuma a daina bambanta mai anko da marar anko wajen ba da wurin zama ko abinci.

Na biyu, taron aure kada ya wuce biyu: ɗaurin aure, da yini ko walima guda.

Na uku, dattawa maza da mata su zauna su tsayar da iyakar lefe da ta dace da halin da ake ciki. Wanda Allah Ya hore wa yana son ƙari, ya kai wa matarsa bayan ta tare. A daina ƙirga kaya a gaban taro, a daina ɗaukarsu a waya.

Na huɗu, ƙungiya ta sayi faranti da kofuna da cokula na ƙarfe da manyan kuloli na ruwa, a riƙa ba da aronsu ga mai biki ko suna a kan kuɗi kaɗan. Kuɗin a biya matasan da za su wanke su dawo da su. An rage shara, an rage kashe kuɗi, yara sun samu na sabulu.

Na biyar, sayen abinci a dunƙule. Muna da 'yan uwa a Mile 12 da sauran kasuwanni da ke sauke kaya kai tsaye daga Arewa. Gida goma su haɗa kuɗi a sayi buhun shinkafa, wake, masara da jarkar mai, a raba da mudu, kowa ya zo da mazubinsa. A rubuta komai a fili don kada zargi ya shigo.

Na shida, gudummawar biki ta koma abin da zai zauna. Maimakon ƙawaye ashirin kowace ta kawo bokitin roba iri ɗaya, su haɗa su saya wa amarya keken ɗinki ko injin markaɗe, ko su ba ta jari a hannu.

Na bakwai, kafin komawa makaranta a watan Satumba a ware rana guda ta musayar kaya. Littattafai, jakunkuna, kayan makaranta da takalman da yara suka girme su, a kawo a wanke, mai buƙata ya ɗauka ba tare da an rubuta sunansa ba.

Na takwas, kowane gida ya ware gorunan roba da gwangwani da ƙarfe a buhu daban ya miƙa wa masu sayensu, kada su shiga kwata. Kasuwanni suna da tsaftar safiyar Alhamis, mu ma layukanmu su sa ranarsu, musamman kafin saukar damina.

Akwai sharaɗi ɗaya da in babu shi duk waɗannan za su tsaya a takarda: masu hali ne za su fara. In talaka ya yi biki mai sauƙi, cewa za a yi babu ce ta sa. In Alhajin da kowa ya san yana da tireloli ya aurar da 'yarsa da taro ɗaya, babu anko, aka ci abinci a farantin ƙungiya, washegari magana ta canza a unguwa, marar hali ya samu inuwar da zai fake. Iyayenmu masu arziki, wannan sadaka ce da ba za ta ci muku ko sisi ba, kuma za ta rufa asirin gidaje da yawa da ba za ku taɓa sanin adadinsu ba. Haka shugabannin ƙungiya, bikin da za a fara gwada wannan tsari a kansa ya kamata ya zama na gidan ɗaya daga cikinmu.

Kafin taro ya zauna kuma, kowa yana da abin da zai iya farawa yau. In za ka sayi wani abu mai tsada, ka tambayi kanka: da babu wanda zai gani, zan saya? In amsar a'a ce, ka ba shi sati ɗaya. Ka sa jaka a aljihu in za ka kasuwa. Ka kai takalmin a ɗinke, ka kai wayar a canza mata allo. In an gayyace ka biki ka ga an sauƙaƙa, ka yaba a gaban mutane, domin wannan yabon shi ne zai ba na gaba ƙarfin hali.

Yawancinmu mun baro gida ne don mu samu abin da za mu rufa wa kanmu da iyayenmu asiri, mu ilimantar da 'ya'ya, mu kafa abin da za mu koma mu tarar ranar da ƙarfi ya ƙare. Dako da tura baro da tsayuwar shago ba sana'ar tsufa ba ce, kuma babu fanshon da ke jiran mafi yawanmu. Kowa ya zauna da iyalinsa a daren nan, su lissafa abin da biki da anko da sabuwar waya suka ci a shekarar da ta wuce, su kwatanta da abin da suka ajiye. Abin da lissafin ya nuna, a zo da shi taro mu yi magana a kai.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya ba mu wadatar zuci.

Sakataren Ƙungiya